Rufin Charleston bayan guguwar Hugo: birnin da ya ƙi sassauta doka ana tsaka da yoyo

Da tsakar daren 21 ga Satumba, 1989, wayewar 22, guguwar da aka laƙaba wa suna Hugo ta afka wa gaɓar jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Cibiyarta ta sauka ne a tsibirin Sullivan, dab da bakin tashar jiragen ruwan Charleston, da iska mai gudun kusan kilomita 220 a sa'a. Arewa da birnin, wajen Bulls Bay, teku ya taso har kimanin mita 6. Magajin gari Joseph Riley yana cikin ginin majalisar birni a daren, iska ta yaye wani sashe na rufin ginin yana ciki. Da gari ya waye, titunan tsohon gari sun cika da kwanon rufi a nannaɗe kamar tabarma, da tarwatsattsun duwatsun rufi, da bulon bututun hayaƙi da suka rikito daga sama.

Gidajen kansu mafi yawa sun tsaya da ƙafafunsu. Rufi ne ya tafi. Kwanaki kaɗan bayan haka kuma sama ta sake sakin ruwa, ya zuba kai tsaye cikin ɗakunan da ba su da murfi, ya jiƙa silin na filasta mai zane da katakon ƙasa waɗanda wasunsu sun ba shekara 200 baya. Babu lantarki, a wasu unguwanni har makonni. An kafa dokar hana fita, dakarun tsaron jiha suna sintiri. A wannan hali dubban masu gida suka tashi da buƙata guda ɗaya: a rufe mana kai yau, ko da mene ne. To amma a tsohon garin Charleston mutum ba ya sauya rufin gidansa don kawai ya ga dama, ko da kuwa gidan na kakan kakansa ne.

Yadda aka yi rufin mutum ya zama abin neman izini

Asalin maganar tun shekarun 1920 ne. Motoci sun yawaita, kamfanonin mai suna sayen tsofaffin gidaje a kan kwana suna rushewa don gina gidajen mai, masu kuɗi da gidajen tarihi daga arewacin ƙasar kuma suna zuwa suna ɓalle ƙofofin ƙarfe da katakon ado na bango suna tafiya da su. Wata mata mai dillancin gidaje, Susan Pringle Frost, ta kafa ƙungiyar ceton tsofaffin gidaje a 1920, wadda yau ake kira Preservation Society of Charleston. A watan Oktoba na 1931 majalisar birni ta shata wani yanki a kudancin gari ta kira shi tsohon yanki mai tarihi, ta kafa hukumar mutum biyar mai suna Board of Architectural Review, wadda kowa a garin ke kira BAR. Wannan ne karo na farko da wani birni a Amurka ya yi irin wannan doka. New Orleans ta biyo baya a cikin shekarun 1930 ɗin, daga nan abin ya bazu.

Ikon hukumar yana da iyaka bayyananniya: abin da mai wucewa zai hango daga titin jama'a. Abin da ka yi a ƙuryar ɗakinka ba ruwanta. Da farko ma ba ta da ikon hana rushe gini, sai a 1966 ta samu, aka kuma faɗaɗa yankin. A 1978 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central da ke New York, ta tabbatar cewa birni na da hurumin taƙaita abin da mai gini zai yi da gininsa mai tarihi. Daga nan hujjar "ai gidana ne" ta rage ƙarfi a gaban alƙali.

Rufi kuwa a Charleston ba ya ɓoyuwa. Garin yana kan wani ziri ne na ƙasa tsakanin kogin Ashley da kogin Cooper, shimfiɗaɗɗe, ba tudu. Gidan gargajiyar wurin siriri ne dogo, faɗin ɗaki ɗaya, ya juya wa titi kafaɗarsa, da baranda mai tsawo a gefen kudu ko yamma don shan iska. Rufinsa mai gangara ne, ana ganinsa daga ƙasa, ana ganinsa daga teku. Duk wanda ya hango garin daga gada, abin da yake gani shi ne hasumiyoyin coci da tekun rufi, ja da toka-toka.

Akwai wani abin dariya a tarihin waɗannan rufe-rufe. Yau ana kare su a matsayin ado, alhali dokar gobara ce ta kawo su. Gidajen farko da ɓallin katako aka rufe su. A Nuwamba 1740 wuta ta cinye gine-gine sama da 300, aka yi doka cewa a riƙa gini da bulo ko dutse, a rufe da abin da ba ya cin wuta. Mutane suka yi ta kauce wa dokar, wuta kuma ta yi ta dawowa: 1778, 1796, sai babbar ta 1838 da ta lashe gine-gine wajen 1,000, sai ta 1861. Kowace gobara ta ƙara tura mutane ga abubuwa uku. Na farko tayil na gasasshen yumɓu, irin wanda har yau yake kan wani ɗan ƙaramin gida mai ruwan hoda a titin Chalmers. Na biyu allon dutse, wato wani dutse da ake tsagawa fale-fale kamar allon makaranta, a huda shi, a jera wani kan wani kamar ɓawon kifi; da jirgin ruwa ake kawo shi daga yankin Wales na Birtaniya, daga baya kuma daga jihohin Virginia da Pennsylvania da Vermont. Na uku kwano, amma ba irin namu mai kwari da tudu ba: fallayen ƙarfe ne da aka shafe da kuza ko haɗin kuza da dalma, a naɗe bakin wani cikin bakin wani a kan rufin da hannu, sannan a shafa jan fenti.

Hannun da ya yi yawancin wannan aiki kuwa na bayi ne. Ta tashar Charleston kimanin kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi suka shiga. Su suka buga bulon a gonakin bakin kogi, su ne kafintoci da magina da maƙera. A riƙe wannan, don zai dawo idan aka zo maganar wanda ya biya kuɗin gyara.

Abin da iska ta tona

Da masu zanen gini da injiniyoyi suka fara hawa rufi bayan guguwar, abin da suka riƙa gani ya kusan zama iri ɗaya. Allon dutse ba ya saurin mutuwa. Mai laushi daga Pennsylvania yakan yi shekara 60 ko fiye, na Vermont wajen 125, na yankin Buckingham a Virginia yakan haura 175. Ƙusar da ta riƙe shi ce take mutuwa. Inda aka yi amfani da ƙusar baƙin ƙarfe, iskar teku mai gishiri ta cinye ta da tsatsa shekara da shekaru, dutsen yana zaune ne kawai da nauyinsa. Iska na tasowa ta kwashe shi, kowane falle ya zama wuƙa mai tashi, ya je ya fasa tagar maƙwabci ko ya huda rufinsa.

Kwanon kuma ta baki yake fara tafiya. Wasu ƙananan maƙalai ne ke riƙe shi da katakon ƙasa. Idan maƙalan sun yi kaɗan, ko katakon bakin rufi ya ruɓe saboda indararo ya toshe shekaru ba a duba ba, da zarar iska ta sami kafa ta shiga ƙarƙashi sai ta saɓule rufin gaba ɗaya kamar ana feɗe rago. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidajen da ake kula da su, ana fenti, ana sauya ruɓaɓɓen katako, sun fi tsira nesa ba kusa ba.

Wannan binciken ya yi nauyi a muhawarar da ta biyo baya. Da a ce kayan gargajiyar ne suka gaza, da masu cewa a koma ga na zamani sun yi nasara cikin sauƙi. Abin da ya bayyana shi ne sakaci ya fi kayan laifi.

Muhawarar

Abin da kowa ke hange shi ne rufin kwalta, wato fallaye masu laushi na kwalta da aka barbaɗa wa tsakuwa, wanda shi ne rufin gama-gari a Amurka. Yana nan a kowane shagon kayan gini, kowane lebura zai iya buga shi, kwana biyu ko uku an gama gida, kuɗinsa kuma ɗan kaso ne na kuɗin allon dutse. Shi kuwa allon dutse sai an yi oda daga mahaƙa mai nisa, a jira watanni, sannan a nemi wanda ya iya jera shi, ga shi kuma 'yan tsiraru ne a garin.

Masu neman a dakatar da dokar ba mahaukata ba ne, kuma ba maƙiyan tarihi ba ne. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kowane ruwa da ya sauka yana lalata cikin gidan, wanda shi ma tarihi ne, to wane irin kare tarihi ne za a bar silin ya rufto don ana jiran dutse daga Wales? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a ofis yana duba launin dutse ba shi ne yake tara bokitai a falo ba. Ga gwamnatin tarayya ta yi jinkiri har sanatan jihar, Ernest Hollings, ya kira jami'an hukumar agajin gaggawa ta FEMA tarin jakunan ofis. Ƙasa da wata guda, ranar 17 ga Oktoba, girgizar ƙasa ta afka wa yankin San Francisco, hankalin ƙasar ya rabu biyu.

Duk da haka birnin ya tsaya a kan bakansa: ƙa'ida tana nan. Wanda yake da allon dutse ya mayar da allon dutse, mai kwano ya mayar da kwano. Riley, wanda ya riƙe kujerar magajin gari daga 1975 har 2016, ya mara wa ofishin kula da gine-ginen tarihi baya, ƙungiyar da Frost ta kafa da gidauniyar Historic Charleston Foundation da aka kafa a 1947 suka shiga aikin, ma'aikatan hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya suka zo, aka bi gida-gida ana rubuta ɓarna.

Abin da ya sa tsayawar ba ta zama taurin kai zalla ba shi ne an raba tambayar gida biyu. Akwai rufe kai, akwai gyaran rufi. Tamfol, leda, katako, takardar kwalta, duk abin da zai tare ruwa na wucin gadi, wannan a yi shi nan take. Abin da ke buƙatar izini shi ne rufin da zai zauna. Shi ma an raba shi: mai mayar da iri da iri, ma'aikatan ofis za su iya sa masa hannu ba sai ya jira zaman hukuma ba, mai son sauya kaya shi ne zai zo ya kare kansa. Hanyar da ta fi sauri a takarda ita ce hanyar da birnin yake so a bi. Wannan dabara ce, kuma a ganina ita ce zuciyar lamarin.

Ni dai ina ganin sun yi daidai, kuma dalilina na lissafi ne. A shekarar lafiya hukumar kan ga rufi jefi-jefi, idan ta yi sassauci a guda ɗaya ba wanda zai lura. Hugo ta tara mata aikin shekaru masu yawa a dare ɗaya. Sassaucin wata uku a irin wannan lokaci daidai yake da soke dokar, don abin da ake karewa zai ƙare kafin a dawo da ita. Kuma rufin kwalta hanya ce mai shiga ba fita. Yakan yi shekara 20 zuwa 30, idan ya mutu mai gida ba zai ce bari in koma allon dutse ba, kwalta zai sake bugawa, hukumar kuma ba ta da bakin magana tunda yanzu iri da iri yake mayarwa.

A teburin ofis

A ɗauki misali, ba wani gida takamaimai ba: bene mai hawa uku daga shekarun 1830, rufin allon dutse, iska ta kwashe sulusin gefe ɗaya ta girgiza sauran. Mai gidan ya zo da hotuna da takardar ɗan kwangila mai cewa rufin duka ya mutu, a sauke shi.

Tambayar farko: ana ganinsa daga titi? Idan gangarar baya ce da ba mai hangowa, maganar ta yi sauƙi. Ta biyu: me ke kan rufin kafin guguwa? Gidan da tun tuni aka mayar da shi kwalta ba a tilasta masa komawa dutse. Ta uku ita ce mai wuya: da gaske ya mutu?

Ma'aunin da ake jingina da shi a faɗin Amurka shi ne ƙa'idoji goma na gyaran gine-ginen tarihi da ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya ta fitar a ƙarshen shekarun 1970. Ta shida ce ta shafi wannan: abin da ya lalace a gyara shi maimakon a sauya shi, idan kuma lalacewar ta kai dole a sauya, sabon ya dace da tsohon a siffa da launi da kamanni, da kayan da aka yi shi idan zai yiwu. Wannan "idan zai yiwu" ita ce ƙofar da kowa ke son bi, kuma aikin hukumar shi ne tsaron ƙofar.

Gane mataccen allon dutse ba sai da na'ura ba. A riƙe shi a ƙwanƙwasa da guduma: lafiyayye yana amo rau kamar faranti, wanda ya sha ruwa ya fara ɓarewa yana amsawa dum. Masu sana'ar suna da wani dogon ƙarfe mai ƙugiya da suke zurawa ƙarƙashi su yanke ƙusa su zaro falle ɗaya ba tare da taɓa na kusa da shi ba. Akwai kuma ma'aunin da wata takardar jagora ta gwamnatin tarayya ta kawo daga baya, a 1992: idan kashi 20 cikin 100 ko fiye na gangara ɗaya ya fashe ko ya zame, sake jera gangarar yakan fi araha da bin su ɗaya-ɗaya. Amma sake jerawa ba zubarwa ba ne. Ana sauke dutsen a hankali, a tsince masu amo, a gyara katako, a mayar da su da ƙusar jan ƙarfe wadda tsatsa ba ta ci, ƙusa biyu kowane falle, ba a dunƙufe ta, rataye dutsen ake yi. Idan tsofaffin ba su isa ba, dabarar da aka saba ita ce a tattara su a gefen da ke kallon titi, sabbin su tafi baya. Launi kuwa rigima ce mai zaman kanta, don na Wales yakan ja zuwa shunayya, na Buckingham baƙi-baƙi ne mai sheƙi, na Vermont akwai kore da toka. A cakuɗa su ba tsari, rufi ya fito kamar rigar da aka yi wa faci da ƙyallaye daban-daban.

Sau da yawa "rufin duka ya mutu" na nufin ɗan kwangilar bai iya aikin dutse ba. Bayan guguwar masu buga rufi sun kwararo daga wasu jihohi, na kirki da na banza. Wanda ya saba da kwalta zai hau allon dutse da takalmi ya yi ta yawo, ya fasa abin da iska ta bari, sannan ya sauko ya ce ai ga shi duk a fashe. Wani kuma ya zuba baƙar kwalta a kan tsaga, ta tare ruwa damina ɗaya, ta lalata dutsen har abada. Majalisar birni ta yi dokar gaggawa ta hana tsawwala farashi, amma doka ba ta koya wa mutum sana'a.

Nauyi ma yana cikin lissafi. Allon dutse yakan kai wajen kilo 40 a kowace murabba'in mita, kwalta kuwa kusan rubu'in haka. Saboda haka gidan da aka gina don kwano ba a ɗora masa dutse don a burge, katakonsa ba zai ɗauka ba.

Inshora

Ga wani abin da masu gida da yawa ba su hango ba a makon farko: tsaurin hukumar ya zame musu makami. Jami'in inshora da aka turo daga wata jiha, wanda bai taɓa ƙiyasta allon dutse ba, zai auna rufi ya rubuta farashin kwalta ya ce ga cek. Da birnin ya yarda da kwalta, da magana ta ƙare a nan, kamfani ya biya mai araha, mai gida ya yi asarar rufin shekara ɗari a madadin na shekara ashirin. Da yake birnin ya ƙi, mai gida yana da takardar da zai ajiye a kan tebur ya ce wannan abin da ka rubuta doka ba za ta bar ni in buga shi ba, kuma yarjejeniyarmu ta ce a mayar min da irin abin da na rasa.

Ba kowa wannan ya yi wa aiki ba, ya danganta da irin inshorar da mutum ya saya. Wata tana biyan kuɗin mayar da abu sabo. Wata tana cire tsufa, ta biya abin da take ganin tsohon rufin ya cancanta ranar da iska ta zo, wanda ga rufin shekara 120 na iya zama abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ga masu inshora mai kyau, kuɗi sun shigo da yawa, gidajen da suka shekara 50 ana ɗage gyaransu suka sami sabon rufi da sabuwar waya da sabon fenti. Har yau a Charleston akwai masu cewa Hugo ce ta gyara garin. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ya kamata a tambayi garin wa.

Wanda ba shi da takarda

Doka ɗaya ce, aljihu ba ɗaya ba. Tsohon gari ba attajiran kudancin titin Broad kaɗai ke cikinsa ba. Can sama akwai unguwannin baƙaƙen fata, jikokin waɗancan magina da kafintoci, a cikin tsofaffin gidaje da suka gada, da yawa ba inshora ko kuma 'yar kaɗan. Ga irin wannan mai gida, "mayar da iri da iri" na iya nufin kuɗin da ya fi abin da yake samu a shekara. Gaba kura, baya siyaki: ya bar tamfol a kai har katako ya ruɓe, ko ya sayar wa mai kuɗin gyarawa.

A yankin akwai wata matsala da duk Bahaushe zai gane da jin ta: gidan gado da ba a raba ba. Kaka ya rasu bai bar wasiyya ba, gida ya zama na 'ya'ya da jikoki talatin, wasu a New York, wasu ba a san inda suke ba, takarda kuma har yanzu da sunan mamaci. Wadda ke zaune a ciki tana biyan haraji ba ta da shaidar mallaka, banki ba zai ba ta rance ba, agajin gwamnati ma yakan tsaya a kan wannan takardar. Sai a 2021 FEMA ta sassauta sharuɗɗanta ta fara karɓar wasu shaidu daga masu irin wannan gado, shekara 32 bayan Hugo. Rangwamen haraji na kashi 20 da gwamnatin tarayya ke bayarwa don gyaran ginin tarihi kuwa na gine-ginen da ke kawo kuɗin shiga ne, bai shafi gidan da mutum ke kwana a ciki ba. Jihar ta kawo nata na kashi 25 ga masu zama a gidajensu a farkon shekarun 2000, amma sai ka kashe sama da dala 15,000 tukuna, wato sai mai shi ake ƙara wa.

Ba zan ɗora wa dokar rufi alhakin sauyin da garin ya yi ba, dalilan sun fi haka yawa: yawon buɗe ido, tashin farashin fili, haraji, ɗaliban kwaleji masu neman haya. Amma alƙaluman ƙidaya a fili suke. A 1980 kusan kashi biyu cikin uku na mazauna zirin ƙasar da garin yake kai baƙaƙe ne, zuwa 2010 kusan kashi biyu cikin uku farare ne. Inda na ga gazawar birnin shi ne ya riƙe ƙa'ida da hannu biyu, tallafin da zai sa talaka ya iya bin ta kuwa bai kai girmanta ba. Idan jama'a ce ke cin moriyar kallon rufin, bai dace mai gida shi kaɗai ya ɗauki bambancin farashin ba.

Wanda ya san tsohon birnin Kano ko Zariya ya ga ɗan'uwan wannan lamari ba tare da guguwa ba. Soron azara yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, maginan da suka iya sun ragu, kwano kuma yana nan a kasuwa. Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, tana ɗauke da tambayar a hukumance: wa zai biya kuɗin ci gaba da rufin ƙasa a gidan da mai shi ruwa yake so ya daina zubo masa?

Hannu

Ƙarancin da ya fi ba mutanen Charleston kunya ba na dutse ba ne. Dutse an samo shi. Masu iya aikin ne babu: mai jera allon dutse, mai naɗe kwano da hannu, mai zanen filasta, mai haɗa katako ba ƙusa. Garin da ya fi kowane gari a Amurka daɗewa yana kare tsofaffin gine-gine ya tarar ya kare bango ya bar sana'a ta mutu, sai da aka nemo gwanaye daga wasu jihohi har da Turai. Daga wannan kunyar aka kafa makarantar koyon sana'o'in gini a ƙarshen shekarun 1990, ana koyi da tsarin ƙungiyar masu sana'a ta Compagnons du Devoir ta Faransa. Ta zama kwaleji mai ba da digiri, American College of the Building Arts, ta yi shekaru tana karatu a cikin tsohon kurkukun garin. Ɗalibanta na farko sun kammala a 2009, shekara 20 cif bayan guguwar. A shekarar ce kuma Philip Simmons ya rasu yana da shekara 97, baƙar fata maƙerin da ƙofofinsa na ƙarfe suka cika garin, wanda makarantar ke ɗauka a matsayin ubanta.

Hukumar tana nan, tana zama, har an raba ta biyu, ɗaya ta manyan gine-gine ɗaya ta ƙanana. Yanzu abin da ke zuwa gabanta ya haɗa da allon roba mai kama da dutse da faifan sola a kan gangarar da ake gani daga titi. Babbar barazanar kuma ta sauko daga sama ta koma ƙasa. An yi ambaliya a 2015, guguwar Matthew ta zo a 2016, Irma a 2017, wasu gidaje suka sha ruwa shekara uku a jere. Hukumar da ta daɗe tana ƙin barin a ɗaga tsohon gida daga harsashinsa ta sauya matsayi, a 2019 ta amince da ƙa'idojin yin haka. Yau a titunan da ke kusa da ruwa za ka iya tarar da gidan shekara 150 a kan ginshiƙan ƙarfe, an cira shi sama da jak fiye da tsayin mutum, magina suna ɗora masa sabon harsashi a ƙasa, allon dutsen da aka mayar masa bayan Hugo yana nan a kansa.